Zif Ɗin da Iska Ta Tona

Litinin, 2 ga Yuni

An haska fim ɗin jiya da yamma. Alhamdu lillahi, na sauke.

Riga talatin da ɗaya na ɗinka wa 'yan fim ɗin cikin wata huɗu, daga ni sai kekena sai ciwon baya. Wani tsohon littafin soyayya ne suka mayar fim, labarin 'yar attajiri da magatakardan jirgin ruwa, shekara ɗari biyu da suka wuce. Ni kam ban bi labarin ba. Mutane na share hawaye, ni ina duba kafaɗa da bakin hannu, ina addu'a kada wani ɗinki ya ba ni kunya.

Da aka zo jera sunaye a ƙarshe kowa ya miƙe yana neman ƙofa, ban da 'yata. Ta riƙe ni, ta riƙe babanta, wai ba inda za mu sai sunana ya wuce. Ya wuce kuwa, can ƙasa, bayan na mai dafa abinci. Ita kaɗai ta yi ta tafa hannu. Shekararta goma sha biyar amma bakin na 'yar arba'in ne, ba banza muke ce mata Lauya ba.

Talata, 3 ga Yuni

Ashe da sauran rina a kaba.

Wani mai sharhin fina-finai ya yi rubutu a jarida. Ya ce fim ɗin ado ne ba rai, an cinye rabin littafin, jarumin kuma yana furta kalaman soyayya kamar mai karanta takardar magani. Wannan duk tsakaninsa da Darakta. Sai a ƙarshe ya juyo kaina. Wai a wurin bankwana, da jarumar ta juya baya a bakin teku, ga zif nan yana ƙyalli tun daga wuya har ƙugu, a zamanin da ko wanda ya ƙirƙiro zif ba a haifa ba.

Gaskiya ne, kuma ni na sa shi. Da farko maɓalli arba'in na jera mata, yadda ake yi a wancan zamanin. Minti ashirin ake ɗauka ana ɓalla su, Darakta yana ihu rana za ta faɗi. Sai na sa zif, na rufe shi da ɗan marfin yadi, na ɗinke maɓallan a kai don ado. Duk masu sana'armu haka suke yi. Iska ce ta ɗaga marfin, kuma cikin mutum hamsin da ke wurin ba wanda ya gani.

Ban iya cin abincin rana ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Sun zagaye zif ɗin da jan layi suna ta yaɗawa a intanet. Wani ya ce tunda akwai zif, ai da jarumar ta hau jirgin sama ta bi masoyinta ta huta da kuka. Ko ni sai da na yi dariya, sannan na ji haushin kaina.

Lauya ta ɗaura ɗamara. Tun da ta dawo daga makaranta take zaune kan buhun ƙyallaye tana mayar musu da martani ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta bari. Ban dai faɗa da ƙarfi ba. Can sai ga ni ina cewa, rubuta musu kaza, gaya wa wancan kaza.

Ina da ta biyun rigar a shago, don kowace babbar riga biyu nake yi. Na ce ta saka, tunda jikinsu ɗaya da jarumar, in ɗauke ta ta baya mutane su ga yadda marfin yake kwanciya luf idan ba iska. Na wangale ƙofar shago don haske ya shigo sosai. Hoton ya yi kyau, wallahi. Ta ɗora a shafinta, ta rubuta a ƙasa: "Aikin mamata ne. Wanda ya iya ya zo ya yi."

Lahadi, 8 ga Yuni

Yau na yi numfashi.

Wata mata mai sharhi ta yi nata rubutun. Ta ce masu cewa an yanke littafin sun manta cewa shafi ɗari na tsakiya wasiƙu ne kawai, ba wanda zai zauna yana kallon mutum yana rubuta wasiƙa. Zif kuwa layi ɗaya ta ba shi ta wuce. Abin da ya taɓa ni, ta ce a kula da rigunan jarumar, yadda launinsu ke kodewa kuma yadin ke raguwa yayin da arzikin ubanta ke karyewa, har rigar ƙarshe ta zama ta farko ce aka juya aka sake ɗinkawa. Ta lura! Na ɗauka ni da Allah kaɗai muka san na yi haka. Sau uku na sa Lauya ta karanta mini wurin.

Darakta ya kira yana dariya. Ya ce ana cika sinima maƙil, rabinsu zif suke zuwa gani, su fita da jajayen idanu. Har ya yi mini maganar wani sabon aiki.

Talata, 10 ga Yuni

Lauya ta yi shiru. Babanta ya ce wani abu a kan labarai wanda ni kaina na san ba daidai ba ne, ta bar shi ya wuce. Wayar a kife take ajiye ta, in ta yi ƙara sai ta zabura. Da safe ta ce babanta ya raka ta makaranta, ita da ke cewa rakiya ta 'yan firamare ce.

Na tambaye ta, ta ce ba komai.

Ina zargin saurayi ne. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Bara da na kama ta da wayar tana hira maimakon karatu, sati uku na kulle ta a aljihun keke, kuma ban ga na yi laifi ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Yau ma ba ta yi gardama da kowa ba. Ba na son wannan zaman lafiyar.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba. Tana lafiya. Bari in fara da wannan: tana lafiya, ba abin da ya same ta.

Ƙanwata ta zo shago da rana, ko kayan asibiti ba ta cire ba, Lauya na bayanta. Ta tura ƙofa ta ce, "Yaya, kashe keken nan ki zauna."

Wani ne ya turo wa Lauya saƙo tun ranar Asabar. Ya ce shi mai zaɓar 'yan wasa ne, ya ga hotonta da rigar, tsayuwarta ta fi ta jarumar. Ya yabi aikina ma, munafuki. Kwana biyu yana magana kamar mutumin kirki. Sannan ya ce ta turo hoto ta gaba. Sannan ya ce ta turo wani da 'yar shimi kawai, wai don a ɗauki awonta, kuma kada ta gaya mini tukuna, ta bari ya zama albishir.

A nan ya yi kuskure. Yarinyar da ta tashi tana riƙe mini bakin tef ta san ba a ɗaukar awo a hoto. Ta ce masa ba sai da hoto ba, ya faɗi awon da yake so ta auna ta turo masa lambobi, kafaɗa ce ko tsawon baya? Ya kasa ambata ko ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ya ga ta gano shi sai ya canza murya. Ya ce ya san shagonmu, wanda ke fuskantar na mai gyaran agogo, ya kuma san makarantarta.

Ta ɗauki hoton hirar duka, ta toshe mutumin, ta yi kwana uku da abin a cikinta, sannan ta tafi wurin antinta.

Na ce a nuna mini hoton nan da na ɗauka. Na buɗe shi da yatsu biyu. Ga allon mai gyaran agogo ta ƙofar da na wangale, har da sunan titi. Ga rigar makarantarta a rataye jikin ƙusa, bajen mai sunan makarantar yana kallon kowa. Ni da nake hango zare ɗaya da ya karkace daga nesa, marfin zif kawai na duba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ban san lokacin da na miƙa hannu na ce, "Kawo wayar nan" ba.

Ƙanwata ta riƙe mini wuyan hannu. "Yaya, abin da ya sa ta zo wurina ke nan."

Na janye hannuna. Na ji kunya, irin wadda ban ji ba ko a ranar zif.

Juma'a, 13 ga Yuni

Mun je ofishin 'yan sanda masu kula da irin wannan, ni da babanta da ita. Wata jami'a ce ta saurare mu, ba ta gaggauta mu ba. Ta duba hotunan hirar, an jera su da rana da lokaci, ta ce da duk wanda ya zo zai kawo musu haka da aikinsu ya yi sauƙi. Lauya ta ɗan ɗaga kai, karon farko a satin nan.

Mun goge hoton, mun rufe shafin sai ga waɗanda ta sani ido da ido. Mutum ɗari shida ne ke bin ta, waɗanda ta sani ba su kai sittin ba. Mun gaya wa shugabar makaranta. Na gaya wa mai gyaran agogo, ya ce dama aikinsa zama ne yana kallon titi, yanzu ya samu dalili.

Babanta bai ce mini komai ba game da hoton. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 15 ga Yuni

Muna ninke wanki na tambaye ta. Ban kalle ta ba, na san in na kalle ta ba za ta faɗa ba. Na ce, don wayar ce kawai ba ki gaya mini ba?

Ta ce rabi. "In kin ƙwace, Mama, ba zan san ko ya dawo da wani suna ba, kuma ba ni da shaida."

Na ce sauran rabin fa?

Ta daɗe tana gyara hannun rigar babanta. Sannan ta ce, "Waccan Lahadin kin yi dariya, kin ci abinci har da ƙari. Ban so ki san ta hotonki ya same ni ba."

Ni ya kamata in tsaya tsakaninta da duniya, ashe ita ce ta tsaya tsakanina da laifina, kwana uku, ita kaɗai, da tsoro a cikinta. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji.

Da na fito na ce mata laifina ne, ba nata ba. Ta ce ai ta sani. Lauya ta dawo.

Laraba, 18 ga Yuni

Jami'ar ta kira. An rufe shafin mutumin. Ba Lauya kaɗai ya tura wa ba, kalmomi iri ɗaya yake kwafa yana aika wa yara mata da yawa, kuma alamu sun nuna ba a kusa da mu yake ba, abin da ya gani a hoto kawai ya sani. Suna ci gaba da bincike. Ta ce shaidar Lauya ce ta fi kowace tsabta.

Na zauna a ƙasa tsakanin ƙyallaye na yi ta hamdala. Sai yanzu na ji yunwa ta gaske.

Ina ta tunanin sauran yaran. Waɗanda iyayensu ba tela ba ne.

Alhamis, 19 ga Yuni

Mai sharhin farko ya sake rubutu, wai ya kalla a karo na biyu, har yanzu jarumin bai iya soyayya ba amma fim ɗin ya fi yadda ya zata. Ko a jikina. Sati biyu da suka wuce da na yanke takardar na ajiye.

Asabar, 21 ga Yuni

Ina yankan yadin sabon aiki ta shigo ta tsaya a gefena. Ta ce, "Mama, duba wannan." Wani ne da ba ta sani ba yake neman ta karɓe shi, hotonsa na fure, wai shi ma ɗan makarantarsu ne.

Ba wurin antinta ta je ba. Na lura.

Maganganu sun cika mini baki, na haɗiye su. Na ce, ke me kika gani? Ta ce shafin kwanansa huɗu, ba ya bin kowa a ajinsu, kuma ya rubuta sunan makarantar ba daidai ba. Na ce to. Ta toshe shi a gabana.

Sai ta ce za ta je ta sayo mini baƙin zare, ya ƙare. Ta ajiye wayar a kan teburina, fuskarta sama, ko kulle ta ba ta yi ba, ta fita. Sau biyu ta yi ƙara kafin ta dawo.

Ban taɓa ba. Almakashi ne dai a hannuna, shi ya sa.