Ƙwayar Farfaɗiya don Ƙafafun Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Auta ta koma makaranta, Kawu kuma yana nan da tarin nan nasa.

Maganar Inna ce ta sa na zauna rubutu. Kin san zugin ƙafafun da ciwon suga ya jawo mata, wanda ko zani ya taɓa sai ta yi ƙara. Likita ya rubuta mata wata ƙwaya, ta sha, ta yi barcin da rabonta da shi tun kafin ki tafi. Da na je ƙaro mata, sai mai kemis ya tambaye ni yaushe tsohuwa ta fara farfaɗiya, wai maganin farfaɗiya ne wannan. Nan take na koma wajen likita. Bai ɓoye ba, ya ce lallai don farfaɗiya aka yi shi, amma likitoci sun lura yana kwantar da zugin jijiya, kuma doka ba ta hana ba. Na tambaye shi ko an gwada shi a kan masu shekarun Inna. Ya ce ba sosai ba.

Zugin ya tafi, Yaya, amma bai tafi shi kaɗai ba. Yanzu in za ta bayi sai ta bi bango. Takan idar da salla ta tambaye ni ko ta yi. Jiya da sunan Baba ta kira ni, Allah Ya jiƙansa.

Da na ji asibitin da likitan yake zai fara bincike kan wannan ƙwayar da irin ciwonta, na kai ta da murnata, na ce yanzu za a sa mata ido. Nas ta ce ba sa ɗaukar wanda ya riga ya fara sha, kuma shekarunta sun wuce. Wato ta isa a ba ta, ba ta isa a duba ta ba. Duk abin da ya same ta a ɗakinmu zai tsaya, gobe a rubuta wa uwar wani.

Likita ya ce mu zaɓa. In na hana ta, tana kuka tana cewa ba ni da imani. In na ba ta, da ƙyar take gane ni. Yanzu rabin ƙwayar nake ɓalla mata da farce, ba wanda ya ce in yi, sai in zauna ina kallonta. Ni ma gwajin nake yi a kanta. Ke ce babba, ki yanke mana. Don Allah kar ki ce duk yadda na gani.

Ki gaida maigidan, da surukarki, da 'yan biyu. Inna ta ce a gaishe ki, ta kuma tambaya ko kin dawo daga kasuwa.

Ƙaninki mai jiran amsa.