Sallama da Alhaji

Konni, daren Talata

Alhamdulillahi, yau zan yi barci.

Tun da Alhaji ya sayar da gidan burodin, sabon mai wurin ya raba muna takardar ajiye aiki. Wai kowa ya sa hannu a rabu da tsohon maigida lafiya, sannan ya ɗauke mu sabbi. Na ce wanda na tsufa gaban tandarsa ba zan sallame shi da biro ba, sai na je gidansa na durƙusa. Da na je, Alhaji ya ga takardar ya ɓata rai. "Mamman, wa ya ce ka bar aiki? Tafi Tawa ka ga insifektan ƙwadago."

Yau na je. Insifektan ya ce ko an sayar da wuri, ma'aikaci yana nan da shekarunsa na aiki, kuma ba mai tilasta shi sa hannu. Na fito na kamo hanyar Konni.

Abokin aikina Issaka ne ke damuna. Tun ranar farko ya sa hannu, don kada a ce ya yi wa Alhaji butulci. Gobe tanda ɗaya za mu tsaya, shi a matsayin sabon ɗauka, alhali shi ya koya mani kwaɓa fulawa.