Hanyar da Kake Bi da Ni, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga uban da ya riga shi, yau Laraba ce, ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe. Ina zaune a zaure, kekenka na jingine da bango.

Takardar digirina ta fito. Na yi niyyar kai wa yayanka Baffa Audu a Dawakin Tofa, a kan kekenka. Ka san gwiwata ta hagu ba ta jure hawa, ka kuma san tsorona. Kwana uku ina bin taswirar waya, ina auna tudu da gangare. Daga ƙauyenmu zuwa babban titi hawa huɗu ne. Na kauce musu duka: ta bayan gonakin gero, ta gefen fadama, ta tsohuwar rijiya, sannan a faɗo tasha.

Da na dubi zanen hanyar da na fitar, Baba, hanyarka ce sak.

Ita kake bi da ni duk komawa makaranta, ni a baya, akwatina a gaba. In yi ta ƙunƙuni mota za ta tashi. Kai kuma ka ce, "Mai sauri ba ya gaisawa da mutane." Duk gari aka ɗauka son gaisuwa ne. Har ni.

Ɗazu na kai keken wurin Malam Iro mai faci, na nuna masa zanen ina dariya. Shi bai yi ba. Ya ce shekara shida kafin rasuwarka ka gaya masa ƙirjinka na kamawa a kan hawa, ka roƙe shi ya rufa maka asiri.

Shekara shida! Ranar da likita ya tambayi yaushe ciwon ya fara, ni na amsa, wai ni ne ɗan boko. Na ce mako biyu. Haka ya rubuta.

Inna har yau da "ciwon farat ɗaya ne, bai wahala ba" take rarrashin kanta. Da na dawo ta tambayi me Malam Iro ya ce. Na ce mata taya ce kawai.

Ga abin da ban sani ba. Ban san ko ka taɓa zuwa asibiti a ɓoye ba. Ban san sau nawa ka tsaya gaisuwa don numfashinka ya dawo ba. Ban san ko da na faɗa wa likita gaskiyar lokacin zai sauya magani ba. Ban san ko Inna ta sani, ita ma ni take ɓoye wa ba.

Allah Ya yalwata makwancinka, Ya sauƙaƙa maka hanyar da ta rage. Ya yafe mini nauyina da ka ɗauka ina ƙunƙuni.

Ɗanka da bai lura ba,
Nura