Gammon Kafaɗar Cataldo

Lahadi, 24 ga Yuli

Ana tashi daga coci Ruggiero ya tare ni a bakin ƙofa. Shi ne shugaban masu ɗaukar mutum-mutumin Uwarmu Maryamu ranar bikinta. Wai, "Addolorata, Cataldo zai zo bana ko kuwa? Gefen hagu saura mutum ɗaya. In bai cika ba, Uwarmu ba za ta fita zagayen gari ba." Na ce zai zo mana. Da wane bakin zan ce ɗana ya fi son Jamus?

Gurbin nan na gidanmu ne. Mijina ya ɗauka har ya rasu, Cataldo ya gada tare da gammon kafaɗar da na ɗinka da hannuna. Ba mai shiga wurin sai wanda muka miƙa wa gammon, kuma in an miƙa, gurbin ya zama nasa.

Laraba, 27 ga Yuli

Na kira Cataldo. Aiki, aiki. "Mama, zan gani." Bara ma ganin ya yi.

Lahadi, 31 ga Yuli

Yau Fada Saverio ya tayar da ƙura. Cikin wa'azi ya ce masu tsinkar tumatir da ke kwana a bukkokin leda bayan gari, ba ruwa ba wuta, baftisma ɗaya aka yi mana da su, amma bencin bakin ƙofa muka bar musu. Sai ya kawo zancen Kwabena, ɗaya daga cikinsu, mutumin Gana, wai ba ya fashin Lahadi, kuma tsayinsa daidai da na 'yan gefen hagu. Concetta maƙwabciyata ta zungure ni, "Ke yake nufi fa." Na ji, ai ba kurma ba ce ni.

A waje Ruggiero sai kumfar baki yake: "Yau gammo, gobe makullin coci!" Ni ba fatar mutumin ce ta dame ni ba. In na bayar, Cataldo ya dawo ya tarar da me?

Alhamis, 4 ga Agusta

Na ciro gammon daga akwati. Har yanzu da lotsawar kafaɗar Cataldo a jiki. Na zauna ina shinshinawa kamar zararriya. Ina kewar yaron nan, kewa mai ciwo. Ko ƙorafinsa a kan gishirin miya nake so in sake ji.

Talata, 9 ga Agusta

Fada ya matsa, na bi matan coci kai ruwa da burodi bukkokin. Kai! Ko awakin babanmu ba su kwana a irin wurin nan ba. Kuma tumatirin da nake dafawa kullum ta hannunsu ya biyo.

Kwabena ya karɓe jarkar hannuna, "Kawo, Mama, ta yi miki nauyi." Kafaɗarsa duk ta yi kanta saboda ɗaukar akwatunan tumatir. Ya ce a cocin garinsu shi ke riƙe gicciye a gaba, uwarsa kullum tana tambaya ko nan ma ana barinsa. Na ce to me kake ce mata? Ya yi dariya, "Ce mata nake yi za mu gani."

Bai roƙe ni komai ba. Wannan ya fi ba ni haushi.

Asabar, 13 ga Agusta

Cataldo ya kira da kansa. Ba zai zo ba. Sun kama babban gida can, matarsa na da ciki. "Haba Mama, ki ba wani mana, tsumma ne fa." Tsumma! Na kashe wayar na yi kukana na ƙoshi.

Litinin, 15 ga Agusta

Uwarmu ta fita.

Da safe na ratsa tsakiyar maza na ɗora wa Kwabena gammon da hannuna. Ruggiero ya ce, "Kin san ba a karɓewa ko?" Na ce, "Kai dai ji da gwiwarka, tsoho, kada ka kayar mana da ita." Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Oho musu.

Na bi bayansu har dandali. A kan gangaren hanya, da Kwabena ya gyara kafaɗa cikin farar rigar masu ɗauka, saura kaɗan in kira sunan da ba nasa ba.

Laraba, 17 ga Agusta

Kwabena ya kawo gammon in ajiye masa, wai a bukka ɓera zai cinye. Na ce dama aro ne, in Cataldo ya dawo sai a san yadda za a yi. Ya ce, "To, Mama." Ya share taliya faranti biyu, sannan wai gishiri ya ɗan yi yawa. Ji mara kunya.

Bayan ya tafi na farke gefe ɗaya na ƙara auduga. Kafaɗarsa ta fi faɗi ne kawai, ba wani abu ba.