Ƙwan da Mma Ta Hana Basit

Yaya Azara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Kumasi, yaya Alhaji da yara? Mu nan Kasalgu da sauƙi, sai dai ɗana Basit.

Littafin ciyar da yara da kika aiko, na karance shi da yatsa, layi-layi, yadda aka koya mana a ajin manya. Ya ce a ba yaro ƙwai, a zuba garin gyaɗa da na kifi a koko. Na dafa wa Basit ƙwai ɗaya, Mma, mahaifiyarku, ta ƙwace daga hannunsa. Ta ce, “Yaron da ya ci ƙwai ɓarawo yake zama. Jiya kika koyi karatu, yau za ki koya mini reno?”

Yaya, a wurin awon yara nas ta ce nauyinsa ya sake raguwa. Hannunsa kamar tsinke, ko kuka ba ya iyawa sosai. Ƙaninki, maigidana, ya ce ba zai yi jayayya da uwarsa ba.

Ke kaɗai Mma take saurara. Don Allah ki kira ta a wannan makon. Sata dai ana iya hana yaro da tarbiyya, in ya rayu.

Ki sa shi a addu’a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rahinatu