Shayin da Nake Shirin Haɗa wa Ɗana

Assalamu alaikum Malama. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da rubutuna. Ni da makaranta tun a aji biyu na sakandare muka rabu, kuma har yau ba wanda ya nemi wani.

Sana'ata feshi. Kyankyasai, gara, kuɗin cizo, ɓeraye, duk ni ne ajalinsu. In kin ga wani dattijo da tanki a baya da ƙyalle a hanci, yana tafe kamar mai shirin zuwa duniyar wata da silifa, to ni ne. Yaran layinmu Likita suke ce mini, duk da cewa majinyatana kaf mutuwa suke yi. A bayan gidana akwai ɗan ɗakin da nake ajiye kayan aiki. Kowane gwangwani da hoton ƙoƙon kai a jikinsa, a ƙasa kuma an rubuta abin da za a yi in tsautsayi ya sa mutum ya sha. Shi ya sa na tsufa da imanin cewa duk guba da makarinta.

Matsalata ɗana ne na fari. Gyaran waya yake yi a wani ɗan akurkin shago a bakin titi, mu a gida Injiniya muke ce masa. Yaro ne mai hannu, sai dai Allah ya zuba masa barci. A da sai uwarsa ta yayyafa masa ruwa yake sanin gari ya waye. Kwatsam bara sai ya zama shi ke riga kowa fita, aikin mako ya gama a kwana biyu. Ni kuwa sarkin wauta na dinga bin majalisa ina cika baki, wai ɗana ya gado ni a zafin nema.

Sai ya fara kwance mana kayan gida. Fanka ya fara saukewa, wai tana wata ƙara da shi kaɗai ke ji. Ya bi ta kan rediyona, agogon bango, dutsen guga. Zai baje su a tabarma, ya jera kusoshin a faranti manya daban ƙanana daban, ya wuni a kansu ko ruwa bai sha ba, kuma ba wanda ya taɓa mayarwa. Yanzu a gidanmu ba abin da ke aiki sai ni da uwarsa. Ya rame, wandonsa sai da igiya. Leɓe a bushe, yana ta cizon haƙora kamar mai tauna tsakuwa, haƙoran gaba duk sun fara cinyewa.

Ranar da na gane abin ya wuce wasa ita ce ranar da ya same ni ina wanke tanki, ya ce Baba ai abin kunya ne a ce gidan mai feshi ƙwari sun hana mutum sakat. Raina ya ɓaci. Na fitar da katifarsa rana, na bi kowace kusurwa da tsagar bango na fesa. Malama, ko tururuwa ɗaya ba ta faɗo ba. Da na gaya masa, sai ya naɗe hannun riga ya miƙo mini hannayensa duk ƙuraje da sawun farce, ya ce to ai a ƙarƙashin fata suke, in daure in fesa masa a nan. Na shekara talatin ina wannan aiki ba a taɓa ba ni kwangilar da ta fi ƙarfina ba sai ran nan.

Bayan 'yan makonni ya yanke jiki ya faɗi a shago da tsakar rana. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ne ya kira ni. Jikinsa zafi rau, ƙirjin yana dukan da ake gani ta saman riga. A asibiti likita ya kira ni gefe ya faɗi sunan abin, sai da na sa ya maimaita sannan ya rubuta mini a tafin hannu: metamfetamin. Samari ƙanƙara suke ce masa, don kama yake da ɓarɓashin gilashi, a 'yar kwalba suke gasa shi su zuƙi hayaƙin. Ya ce zuciyar yaron ta fara saki kamar tsohuwar roba. Na ce to a ba shi makarin mana. Ya ce babu. Na ce haba likita, ko maganin ɓera fa yana da nasa. Bai yi dariya ba. Washegari Injiniya ya zare ƙarin ruwan da kansa ya dawo gida, wai ma'aikatan jinya da 'yan sanda bakinsu ɗaya.

Yanzu ya toshe tagar ɗakinsa da kwali. Ya daina cin abincin uwarsa, wai ana barbaɗa masa wani abu. Ita kuma ta daina dariyar barkwancina, matar da a da ko tari na yi sai ta dara. Abu ɗaya kawai yake karɓa, shayin da na haɗa da hannuna. Ki ji ikon Allah, duk gidan nan mai guba kaɗai ya yarda da shi.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tun da abin ya faro aka rubuta wa uwarsa ƙwayar barci, tana nan cikin kwabarta. Ni kuma in ban san komai ba na san aikin tarko: ka gano abin da mutumin yake so, ka sa a ciki. Lissafina na ɗan aji biyu ya ba ni cewa abin da ke hana barci, makarinsa abin da ke sa barci ne. Ina so in daka ƙwayar in zuba masa a shayi, in ya mimmiƙe mu ɗauke shi sai asibiti. Uwarsa ta ce ba da ita ba, amma ba ta ɓoye kwalbar ba. Ƙwaya nawa za ta ishi mai jiki irin nasa?

Ba na cewa zai warke, na daina wannan mafarkin. So nake ko sau ɗaya uwarsa ta sake jin minsharinsa ta bayan ƙofa, minsharin da na shekara ina yi masa tsiya a kai.

Naki,
Likitan Ɓeraye

*

Wa alaikumus salam, Baba.

Amsar tambayarka: ko rabin ƙwaya kada ka zuba.

Tunaninka ba shirme ba ne. A asibiti ma akan ba irin su Injiniya maganin da zai kwantar da su. Amma a can akwai na'ura a ƙirjinsa da mai lura da numfashinsa, an kuma san abin da aka ba shi. Kai ba ka san nawa ya zuƙa ba, ba ka san me aka cakuɗa a ciki ba, ba ka san ko ya haɗa da wata ƙwayar ba, ga zuciya mai rauni. Yana iya yin amai cikin barci ya shaƙe, numfashinsa yana iya yin ƙasa kuna zaton hutawa yake, ko kuma ƙwayar ta ƙara rikita shi. In kuma ya farka ya gane, ka tabbatar masa da zargin da ya raba shi da tukunyar mahaifiyarsa, ka rufe ƙofa ɗaya tilo da ta rage.

Likitan asibitin gaskiya ya gaya maka, metamfetamin ba shi da makari. Wannan sinadari ba shi da wari, yana narkewa a ruwa, in an zuƙe shi kuma cikin daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa. Aikinsa shi ne ya tilasta mata ta zubar da ajiyarta ta sinadaran jin daɗi da kuzari gaba ɗaya. Daga nan zuciya ta hau gudu, jini ya hau, jiki ya ɗau zafi, yunwa da barci su ɗauke. Yana kuma daɗewa a jiki, kusan yini guda kafin rabinsa ya fita. Ƙwarin da yake ji daga ƙwaƙwalwa suke, haka ma tsoron mutane. Kada ka yi musu da shi a kansu, kada kuma ka sake yi masa feshi a ɗaki. Ka ce masa ka ga yana shan wahala, wannan gaskiya ce da ku biyu za ku yarda da ita.

Gobe ka koma wurin likitan nan kai kaɗai, ka nemi ya haɗa ka da sashen ƙwaƙwalwa. Ka gaya musu batun ƙwarin da tagar da abincin, ka tambaye su hanyar da doka ta yarda a kwantar da wanda ya ƙi zuwa. In ka ga ciwon ƙirji, jijjiga, zafin jiki mai tsanani, karkacewar baki, ko ya fara barazana ga kansa ko waninsa, ba shawara a nan, ku nemi agaji ku tafi asibiti.

Barcin da kake nema zai zo da kansa, domin jiki ba ya jurewa har abada. Zai kwanta kamar matacce, wataƙila yini da kwana ko fiye. Zai tashi da yunwa da wani baƙin ciki mai nauyi, domin ajiyar nan ta ƙare. Wannan ne lokacin da ya fi jin magana, a nan za ka ce ya zo ku je tare. Shi ne kuma lokacin da wasu ke tunanin kashe kansu. Don haka, Baba, kafin ka ajiye jaridar nan: ɗakin bayan gidanka. Ka kwashe gwangwanayen nan kaf ka kai su inda bai sani ba. Kwaɗo ba zai tare mai sukundireba ba. Kwalbar mahaifiyarsa ma ta bar kwaba, ita kuma ka raka ta ta gaya wa likitanta halin da take ciki.

Ba zan yi maka alkawarin warkewa ba. Wasu zuciyarsu takan farfaɗo in sun daina, wasu ba ta komawa daidai. Da yawa sukan daina su koma, su sake dainawa. Kana iya yin komai daidai kuma abin ya ƙi. Abin da ke hannunka shi ne ya kai wannan ranar da ransa, kuma yana da mutum ɗaya da bai taɓa yaudararsa ba.

Ka ci gaba da haɗa masa shayin, da madara sosai tunda ba ya cin abinci. Ka haɗa a gabansa, ka fara kurɓa, sannan ka miƙa masa. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, kai kuma ya ƙara maka juriya.