Kofin Gefen Sarƙa Ya Ƙi Shiga

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Asabar. Na san filin nan an fi kawo masa maganar aure da rikicin gida, tawa kuwa maganar keke ce, amma na rasa inda zan kai ta. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Maigidana mai gyaran keke ne. Wata biyar ke nan da rasuwarsa. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano, kuma shekara ashirin da huɗu na yi ina shiga ina fita. In na gama aikin gida sai in je in zauna a benci, keke a tsakaninmu, shi ta can ni ta nan. Ni ke wanke masa boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, da kananzir, ni ke miƙa sifana. Yakan gaya wa masu kawo gyara cewa ni kaɗai ce ma'aikaciyar da ke yi wa mai shago faɗa a zauna lafiya.

Kafin ciwo ya kwantar da shi ya samo wani tsohon keke, ya warware shi kaf, ya kankare tsatsar, ya yi masa koren fenti. Na 'yar autarmu ne. Ta samu aiki a wani ɗakin shan magani, tafiyar kusan awa guda a ƙafa, ya ce kafin wata ya ƙare za ta daina cinye takalma. Ya ɗaura tayoyi da birki da sirdi. Abin da ya rage shi ne tsakiya, ramin nan da sandar feda ke ratsawa. Akwai kofuna biyu na ƙarfe da ake murɗawa cikin ramin, ɗaya ta kowane gefe, su ke riƙe boris. Ya zuba su a gwangwanin madara ya ajiye a kan tebur, ya ce sai gobe. Goben nan asibiti muka tafi.

Ban buɗe shagon ba sai makon jiya. Yarinyar ba ta taɓa yi mini maganar keken ba, amma ina ganin yadda take dawowa ta zube a tabarma, ko abinci sai na yi da gaske. Na ce aikin da na kalla sau ɗari ai ba zai gagare ni ba.

Na ɗauki kofi ɗaya na sa a gefen da sarƙa take, na murɗa dama kamar yadda ake ɗaure kowane noti. Sai juyawa yake yi a baki, ya ƙi kamawa. Na danna, na sake, haka. Na ce ko ba nasa ba ne, na ɗauki ɗayan. Shi ya kama, ya shiga kamar rabin zagaye ya cije. Na sa babbar sifana na ja da ƙarfi, sau biyu. Da na duba sai na ga ya karkace, ga ɗan garin ƙarfe mai ƙyalli a yatsana. Nan na ajiye sifanar. Na daɗe a zaune kafin na iya kwance shi.

Anti, na tabbata dama yake murɗawa. Na rufe ido na tuno hannunsa, dama nake gani. Abin da ya fi damuna ke nan: in hannunsa ma na fara mantawa, me ya rage?

Ƙanen maigidana ya zo ya duba. Direba ne, mutumin kirki, tun rasuwar bai yi kwana uku bai leƙo mu ba. Ya leƙa ramin ya ce zaren ciki ya mutu, wato layukan nan da kofin ke bi ya shiga. Ya ce a buga kofin da guduma ya zauna, a kira mai walda ya ɗiga masa wuta, shi ke nan yarinya ta hau. Ya ce Yaya ba zai so keke ya zauna yana shan ƙura saboda kofi ɗaya ba. Asabar zai zo da mai waldar. Ban iya ce masa a'a ba, don da zuciya ɗaya yake yi, kuma ni ce na ɓata. Amma maigidana ko baƙo ne ya kawo masa keken da aka yi wa walda a tsakiya, sai ya yi tsaki ya ce an kashe shi da ransa. Keken nan kuma shi ne aikinsa na ƙarshe. Shin na riga na lalata shi? In bar su su yi waldar?

Matar mai gyara

*

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ku haƙuri ke da yara.

Ni ba mai gyaran keke ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin wani dattijo da ya yi shekara arba'in a sana'ar, na karanta masa. Ga abin da muka tsayar.

Ba ki manta hannunsa ba. A yawancin kekuna, kofin gefen sarƙa zarensa na hagu ne: hagu ake murɗa shi ya ɗauru, dama ya kwance. Maigidanki hagu yake murɗawa. Ke kuma kina zaune ta ɗaya gefen keken, kuma abin da mutum ya juya hagu ta wajensa, wanda ke fuskantarsa dama zai gani. Daidai kika gani, daga bencinki. Kofin farko da kika ɗauka, mai yiwuwa shi ne na wurin, hanyar ce kawai ta saɓa. Na biyun na ɗaya gefen ne, shi ya sa ya cije.

Rabin zagaye da ja biyu ba kasafai suke kashe zare ba. Bakinsa suke murƙushewa, layi biyu ko uku, sauran na ciki suna nan.

Ki wanke ramin da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ki fitar da garin ƙarfen da duk fentin da ya shiga, don sabon fenti ma yana hana kofi tafiya. Ki duba jikin kofunan, galibi akwai harafin R a na gefen sarƙa, L a ɗayan. Ki shafa giris. Ki sa kofin mai R ya zauna sak, ki murɗa hagu da yatsu kawai. In ya yi zagaye uku ko huɗu ba gardama, ya hau hanya, sannan ki ɗauki sifana. In ya cije tun a baki, ki tsaya. Kada ki ja. Masu gyara da yawa suna da ƙarfen da ake zurawa ya tayar da zaren da ya kwanta, aikin minti kaɗan ne. Ko da ma ya mutu gaba ɗaya, akwai irin tsakiyar da ba ta bukatar zaren ramin. Walda ita ce ƙarshen komai, don ranar da boris ya cinye ba mai iya buɗewa ya canza.

Ƙanen mijinki ya yi kuskure a guduma, amma ya yi gaskiya a abu ɗaya: an haɗa keken nan don a hau ne. Kada tsoron ɓata shi ya sa ki sake rufe shagon wata biyar. Ki kira shi tun kafin Asabar, ki gode masa, ki ce ya zo shi kaɗai, ban da mai walda. In kofin ya ƙi, shi mai mota ne, ya kai ku wurin mai gyara. Taimako yake nema ya yi wa gidan yayansa, ki ba shi wanda zai yi amfani.

Ki kuma kira 'yar autar ta riƙe miki keken. Ke ki zagaya ki tsuguna ta gefen sarƙa, inda yake zama, ki murɗa hagu a hankali.

Allah ya sa ya shiga lafiya, ya tsare ta a hanya.